Alƙiblar Da Malam Ya Bar Mini

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka yi mini aure. Autata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana bugawa a kwamfutarta. Na ce mata ko na yi kuka kada ta rufe, ta bar ni in gama in ci gaba. Tun da Malam ya rasu hawaye ba ya yi mini wuya, kuma na daina ɓoye shi.

Malam magini ne, maginin ƙasa, irin na tubali da azara da makuba. Amma ba ginin kaɗai ya sa ake aiko masa daga ƙauyukan da ke kewaye da mu ba, magina ai suna da yawa. Shi ne mai fitar da alƙibla. In za a kafa masallaci, ko za a buɗe sabuwar maƙabarta, ba a sara ƙasa sai ya je. Wajen maigidansa da ya koya masa gini ya samo abin, shi ma wancan wajen nasa maigidan.

Kayan aikin ba su cika jakar fata ba. Sanda ce ta kirya wadda ba ta wuce gwiwa ba, an fiƙe kanta. Sai igiyar rama, da ƙusa, da wani dutse mai huda a tsakiya da yake ratayawa don ya ga ko sandar ta tsaya cak. Sai ƙayar aduwa da yake sokewa a hularsa.

Farkon ganina da aikin a filin gidanmu ne, lokacin za mu tashi daga gidan iyayensa, ina goye da ɗan fari. Na ƙagu in ga an haƙa harsashi, shi kuwa ya tsaya share wani ɗan wuri yana daɓe shi. Ya zuba ruwa ya tsugunna yana kallo, inda ruwan ya gangara ya ƙara ƙasa, har sai da ruwan ya kwanta ya rasa inda zai bi. Da wurin ya bushe ya kafa sandar a tsakiya, ya ɗaura igiya a gindinta, ya ja da'ira da ƙusar.

Na ce, "Malam, ɗaki za ka gina mana ko dara za ka yi?"

Ya ce, "Ke dai zauna nan ki kori kaji. So kike in gina miki bayan gida ki riƙa tsugunnawa kina kallon Ɗakin Allah?"

Da sassafe inuwar sandar doguwa ce, ta tsallake da'irar ta yi yamma. Rana na ɗagawa tana janyewa a hankali, har da hantsi bakinta ya zo ya taɓa zanen. A nan ake soke ƙaya ta farko. Sai a jira. Inuwar ta shige ciki ta ƙanƙance, ta juya, bayan azahar ta fara miƙewa ta ɗaya gefen har ta sake taɓa zanen za ta fita. A soke ta biyu. In aka ja igiya daga wannan ƙaya zuwa waccan, to ga gabas ga yamma, babu gardama. Daga nan Malam zai tsaya ya fuskanci gabas, ya miƙa hannunsa ya ware yatsu, ya karkata hagu gwargwadon faɗin abin da ya ware. Nan ce alƙibla. A nan ake buga turke.

Shekaru da yawa shi kaɗai yake zuwa. Sai da yanar ido ta fara rufe masa gani, ya daina ganin bakin inuwar, sannan ya ce in riƙa binsa. Lokacin na daina haihuwa, ba mai cewa komai in na fita. Mukan hau a-kori-kura ranar kasuwa, ko a aiko mana da babur biyu. A share fili, a kafa mana 'yar rumfar zana a gefe, a kawo fura da nono, mutane su koma gonakinsu su bar mu da sanda.

Kin san a garinmu miji da mata ba sa zama tare da rana tsaka a gaban mutane. Shi yana zaure ko wajen aiki, ke kina cikin gida. Na haifa wa mutumin nan 'ya'ya, na aurar da wasu, ban taɓa zama kusa da shi daga safe har la'asar ba sai da inuwar nan ta ba mu dalili. A ƙarƙashin waɗannan rumfuna na ji yadda ya faɗo daga kan soro yana yaro, na ji ashe ba ya son miyar kukar da na yi shekaru ina yi masa, kunya ta hana shi faɗa. Can sai ya tuna da inuwar ya ce, "Ta zo?"

In ce, "Da saura."

Ya ce, "Anya? Ke dai kin ji daɗin zama."

Da damina wani lokaci an soke ƙaya ta farko lafiya, ana jiran ta biyu sai gajimare ya taso ya rufe rana. Aikin ranar ya ɓaci ke nan, sai gobe. Masu masallaci su yi ta ba da haƙuri kamar su suka kawo hadarin, shi kuwa ya raɗa mini cewa Allah ne ya ga furar garin nan ta yi daɗi.

A ɗaya daga cikin waɗannan zaman na tambaye shi, to wanda tafiya ta kai shi inda ba sanda ba igiya fa? Ya ce, "Duk inda kika samu kanki a duniyar nan, ki duba inda rana ke fitowa, ki ɗan karkata hagu. Ba za ki ɓata ba." Na riƙe wannan kamar yadda na riƙe Fatiha. Iyakar tafiyarsa Damagaram, sai Yarwa da ya taɓa zuwa gini. Makka ya yi ta niyya, Allah bai nufa ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. A maƙabartar da ni da shi muka ja wa igiya aka kai shi. Ni na soke ƙayar wurin da hannuna, ban san wa nake gyara wa makwanci ba.

Da na fita takaba Auta ta ce ba za ta bar ni ina zama ni kaɗai a tsakar gidan nan ina magana da bango ba. Tana karatun digiri na uku a Doha. Ta yi ta fama da takardu har aka sa ni a jirgi, na yi barci a hanya, na farka a wata ƙasa. Muna zaune a unguwar Mansura, a ɗakuna biyu cikin wani tsohon bene, can ƙasa bakin titi masu shayi ne da mai gyaran waya. Ranar da na iso ta shimfiɗa mini darduma a ɗakina ta ce, "Inna, nan ce alƙibla." Ban san gabas ba ban san yamma ba, na bi.

Washegari na idar da asuba ina zaune ina jan carbi har gari ya waye. Sai na ji ɗumi a ƙeyata. Na waiga. Rana ce ta fito ta tsakanin benaye biyu, ta shigo ta taga, a bayana. Na tashi na juya dardumar.

Da ta fito za ta makaranta na ce, "Auta, wa ya fitar muku da alƙiblar gidan nan?"

Tana ɗaura takalmi ta ce, "Inna, a nan yamma ake kallo. Zan yi miki bayani in na dawo, jirgin ƙasa zai wuce ni."

Ba ta yi bayanin ba, ni ma ban tuna mata ba. Na ce a raina yarinya ta biye wa waya. Ina tausayin sallolinta, ina roƙa mata gafara, amma ban so in kunyata mai karatu irin nata. Ni dai na rufe ƙofata ina kallon gabas ina ɗan karkata hagu. Gwiwata ba ta barina zuwa masallaci, balle in ga yadda jama'a ke yi. Duk sujadar ƙarshe sunan Malam ne a bakina, Allah ya haskaka kabarinsa, Allah ya yalwata masa.

A hawa na ƙasa da mu akwai wata 'yar Zango daga Kumasi, tana dafa wa wasu Larabawa abinci a Misaimir. Hausarsu kowa namiji ne, ni ma "kai" take ce mini, amma yarinya ce mai kirki, ranar hutunta takan hawo mini da wake da shinkafa irin nasu. Wata rana la'asar ta same ta a wajena, ta yi alwala ta shigo ɗakina. Na tayar, ita ma ta tayar. Da na yi ruku'u na ji mun yi karo ta baya.

Muna sallamewa ta ce, "Mma! Ina kake duba haka?"

Na ce, "Inda Musulmi ke dubawa."

Ta ce, "Can ai Indiya ne, Mma! Wallahi Indiya kake wa salla!" Ta yi dariya har ta kwanta a kan kafet.

Na ce, "'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake fitar da alƙibla."

Ta ga fuskata ta daina dariyar. Ta ja ni zuwa tagar kicin, wadda ban cika leƙawa ba, ta nuna mini wani ɗan masallaci a lungu. Jama'a sun yi yawa har waje, leburori da direbobi a kan kwali. Rana ta yi yamma, kuma ga su sahu-sahu suna kallonta. Ta ce, "Duka waɗannan sun ɓata, kai kaɗai ka sani? Halas, shi ke nan, Mma, juya."

Bayan ta sauka na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Malam. Ba kunyar yarinyar ce ta dame ni ba. In waɗannan mutane ne daidai, to addu'ar da na yi wa Malam tun zuwana, na yi ta ne na ba Ɗakin Allah baya. Kuma in maganar da ya faɗa mini ba gaskiya ba ce, to mene ne gaskiya a aikinsa? Masallatan nan da muka ja wa igiya fa? Shi kansa, ina yake kallo a inda yake kwance?

Na kasa juyawa, na kasa ƙin juyawa. Sai na koma yin kowace salla sau biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, in ce Allah ya zaɓi wadda ta yi. Ban faɗa wa kowa ba. Gwiwoyina suka kumbura suka yi kamar ƙwarya, har wata safiya na yi sujada na kasa tashi, sai da na kira Auta ta ɗaga ni. A nan ta ji komai.

Ta ɗauko waya za ta nuna mini wata kibiya da ke rawa a ciki. Na ce ta ɗauke mini abin da in ba a ba shi wuta ba mutuwa yake. Ta ajiye wayar. Sai ta ce, "Inna, kin san ma abin da nake karantawa?" Ban sani ba. Na san dai taurari ne.

Ta buɗe kwamfutar ta nuna mini hotuna. Ta ce karatunta a kan gidajen duban rana da taurari ne na mutanen da, masu auna sama ba da madubin hangen nesa ba. Na ga wani a Samarƙandi, an haƙa ƙasa an gina wata doguwar hanya mai lanƙwasa kamar cikin kwale-kwale, da matakala a gefenta. Ta ce rana ke shigowa ta wata huda a sama ta sauka a kanta, a duba inda ta sauka. Na ga wani a Indiya, katanga ce ta tafi sama kamar tsani, ba ɗaki ba rufi, inuwarta kaɗai ake so. Na ga faya-fayen tagulla masu zane kamar na bayan ƙwarya, ana rataye su a yatsa a auna tsayin tauraro. Ni matar magini ce, abin da na fara tambaya shi ne wa ya daidaita musu ƙasa. Ta ce da ruwa suke yi, su zuba su ga inda zai gangara. Ta ce sarakuna ke ɗaukar masana aiki, su zauna shekara da shekaru suna jiran inuwa.

Na ce, "Da matansu?"

Ta ce ba a rubuta ba.

Sai ta kawo wani zane daga tsohon littafin Larabci. Da'ira ce, da sanda a tsakiya, da ɗigo biyu a bakin zanen, an ja layi a tsakaninsu. Na sa yatsa a kan gilashin. Ta ce, "Tun ina ƙarama nake ganin Baba yana yi, Inna. Ranar da na gan shi a littafi na san abin da zan karanta. Waɗancan manyan gine-gine duk da wannan ake fara ja musu layi." Ta ce tunda ba na yarda da waya, mu je mu tambayi sanda.

Mijin 'yar Kumasin nan yana gadin wata gona a Ummu Salal. Ranar Juma'a muka tafi mu uku da sassafe, lokacin sanyinsu ne, rana ba ta cizo. Akwai wani dandamalin siminti a bayan ɗakin maigadi, na zuba ruwa na ga ya kwanta. Muka yanke sandar tsintsiyar bature, muka kafa ta a gwangwanin madara cike da yashi. Auta ta ja da'irar da gawayi. Ƙaya ba ta shiga siminti, sai na ce a ba ni ƙwallon dabino.

Na zauna a kujerar roba ina kallon bakin inuwar. Ta nan ba ta ƙanƙancewa kamar ta gida, ko da rana tsaka tana nan zube ta arewa. Amma tafiyarta ɗaya ce, wannan jan jiki a hankali da sai ka ɗauke ido kake ganin ta matsa. Akwai ƙamshin taki da jiƙaƙƙiyar ƙasa, har da kukan zakara. Ba wanda ya ce mini "Ta zo?" Na yi ta share ido da mayafi don kada in rasa lokacin.

Da hantsi na ajiye ƙwallo na farko. Azahar na yi ta sau biyu, 'yar Kumasi tana cewa, "Mma, wannan na Indiya ne ko na Makka?" Na ce ta bar ni da abin da ke damuna. Can inuwar ta sake taɓa gawayin, na ajiye na biyu. Muka ja zare mai tsawo, ya wuce dandamalin ta kowane gefe. Bakinsa ɗaya ya nuna ɓangaren da na ga rana ta fito da safe.

Na ce, "To! Ga gabas."

Auta ta ce, "Gabas ce, Inna. Sandar Baba ba ta yi ƙarya ba."

Ta ɗauko butar alwala ta ajiye a tsakiyar zaren. Ta kama hannuna ta kai ni bakinsa na yamma, ta sa na cire takalmina a wurin. Ta ce, "Nan garinmu ne. Butar nan Makka ce. Ina take?"

Na ce, "Ga ta a gabana, gabas."

Ta ja ni muka bi zaren, ina ɗingishi ba takalmi. Muka zo kan butar muka wuce ta. Ta ce, "Wannan tafiyar jirgi ya yi da ke kina barci." Muka kai ɗaya bakin ta tsayar da ni. Ta ce, "Nan Doha. Ina buta?"

Na duba gabana, ba komai sai itatuwan dabino. Sai da na juya.

Na sha ganin masu salla a talabijin sun kewaye Ɗakin ta ko'ina, amma ban taɓa kawowa a raina cewa akwai garuruwa a bayan Makka ba, da mutane a ciki suna dafa abinci. Malam ma bai kawo ba. Duniyar da ya ce mini, daga Damagaram ce zuwa Yarwa, kuma a cikinta bai yi kuskure ba. Na tambayi Auta masallatanmu fa. Ta ce ta auna na garinmu da na'ura tun tuni, har da karkatawar hagun, daidai yake. Na ce maƙabarta fa. Ta ce igiya ɗaya ce ai.

Na tsaya ina kallon butar. A bayanta, can ƙarshen zaren, ga takalmana a ajiye inda ta ce garinmu ne. Na ce, "Auta, ashe in na kalli Makka daga nan, gida nake kallo?" Ta ce kusan haka ne. Na zauna a ƙasa a wurin, na yi kukana, ba wanda ya hana ni. La'asar ɗin ranar sau ɗaya na yi ta, rana tana cikin idona.

Sallolin da na yi wa Indiya ina rama su kaɗan-kaɗan, yadda gwiwa ta bari. Wani lokaci in na tuna ina jin haushinsa, mutum bai wuce Yarwa ba ya ce mini "duk duniya", har in yi dariya ni kaɗai, sai kuma dariyar ta juye.

Da ina tsoron mutuwa ta same ni a ƙasar nan. Kwanan baya na zauna na lissafa abin da kaina. Malam yana kwance a kan damansa, kansa na kudu, fuskarsa na gabas. In a nan aka binne ni, a kan damana za a kwantar da ni ina kallon yamma, kaina ya yi arewa. Kai da ƙafa ke nan, amma fuska da fuska. Auta ta ce in daina irin wannan magana, ba ta so. Na ce ta rubuta.